Likita Osla, Mutumin Da Ya Kwanar Da Likitoci A Asibiti

Da Edita ya ce kowane ɗayanmu 'yan ajin ƙarshe ya rubuta tarihin wani babban mutum na da, abokaina suka yi rububin sarakuna da mayaƙa da shugabannin ƙasa. Ni kuwa sai na ɗauko wani Bature wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, ya kuwa mutu tun kakana bai san hannunsa na dama ba. Kafin ku ce na rasa abin rubutu, ku bari in gaya muku abin da ya haɗa ni da shi.

Da daminar bara ina hutu a gida, a unguwarmu ta Sarkin Dawaki cikin Jalingo, sai wajen ƙarfe 1 na dare numfashin Baba ya sarƙe. Ya kasa kwanciya, yana zaune bakin gado yana haki, gumi na tsattsafo masa. Muka ta da wani maƙwabcinmu mai Keke Napep, muka nufi asibiti cikin yayyafi. Likitan da muka tarar saurayi ne, bai girme ni da shekara 5 ba. Ya sa abin sauraro a ƙirjin Baba gaba da baya, ya danna ƙafafunsa ya ga yatsa na lotsawa, ya tambayi Inna matashi nawa Baba kan tara kafin ya iya barci. Sa'an nan ya ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ya sa aka jingine shi, aka ɗaura masa iska, aka yi masa allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Duk wannan bai ɗauki minti 20 ba.

Abin da na gani bayan wannan shi ne ya tsaya mini a rai. Likitan na zaune yana rubuta magunguna a takardar Baba, sai na ga biro ya tsaya, kansa ya sunkuya. Barci ne. Wata nas dattijuwa ta taɓa kafaɗarsa, ya farka firgigit, ya koma ya karanta abin da ya rubuta tun daga sama, ya soke layi ɗaya ya sake shi. Daga baya na ji cewa tun ƙarfe 8 na safiyar jiya ya ke aiki, shi ke da ɗakin maza da na mata da duk wanda aka kawo cikin dare, kuma ba zai tafi gida ba sai an gama zagayen safe. Baba ya warke, yana nan yana nomansa. Na gode wa likitan nan har zuciyata, amma layin nan da ya soke bai bar ni na huta ba. Na yi ta tambaya wane ne ya fara shirya aikin likita a kan wannan hanya, har wata 'yar'uwata mai karatun likita ta ba ni suna. Turawa na rubuta shi William Osler, mu kuwa sai mu ce Osla.

An haife shi ran 12 ga Yuli 1849 a wani ƙauye mai suna Bond Head, a ƙasar Kanada. Ubansa limamin coci ne wanda aka aiko daga Ingila a 1837 ya yi aiki cikin mutanen da ke sare daji suna kafa gonaki. Su 9 ne wajen iyayensu, shi ne na 8. Uwarsa ta yi tsawon rai ƙwarai, sai da ta cika shekara 100.

Mu da za mu zama malamai ya kamata mu kula da ƙuruciyarsa, domin Osla irin yaron nan ne da kowane malami ke roƙon kada a kawo shi ajinsa. An kore shi daga makarantar garin Dundas saboda tsiwa da shaƙiyanci. A wata makarantar kwana da ke Weston kuma, a 1866, shi da abokansa suka kulle matar da ke lura da ɗakunan kwana, suka turara mata hayaƙin barkono, har magana ta kai kotu aka ci su tara. In da a ajina ya ke, ina tsammani da na rubuta a rahotonsa cewa ba zai zama kome ba. To, a makarantar nan akwai wani malami, shi ma limamin coci, sunansa Johnson, mai sha'awar tsirrai da ƙananan halittun ruwa. Da Osla ya ji ciwo a ƙwauri wajen wasan ƙwallo ya kwanta makonni, sai Johnson ya riƙa zama da shi yana nuna masa abubuwa cikin madubin nan na likita mai girmama abin da ido ba ya gani. Yaron da bulala ta kasa, ɗigon ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubi ya zaunar da shi.

A 1867 ya shiga kwaleji a birnin Toronto da niyyar ya gaji ubansa, amma shekara na zagayowa ya koma karatun likita. A 1870 ya tafi Jami'ar McGill da ke Montiriyal, ya fita likita a 1872. Ya yi shekara 2 yana ƙarin ilmi a Landan da Balin da Biyana, inda ya ga yadda manyan likitocin Jamus ke riƙe mataimaka shekara da shekaru suna horonsu a asibiti. A 1874 ya komo McGill aka ba shi koyarwa, yana ɗan shekara 25.

Abu biyu ya yi a Montiriyal waɗanda suka nuna irin mutumin da zai zama. Na fari, lokacin agana na kashe mutane a birnin, ya karɓi ɗakin masu agana, aikin da kowa ke gudu, har shi ma ta ɗan taɓa shi. Kuɗin da aka biya shi kuwa bai ɗinka riga da su ba, madubai ya saya wa ɗalibansa. Na biyu, ya ɗauki binciken gawa a kan kansa, ya buɗe gawawwaki ɗaruruwa, har suka tasam ma 1,000, yana rubuta abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan zai yi wa waɗansunmu nauyin ji, ni ma ya yi mini. Amma dalilinsa shi ne likita ya gwada abin da kunnensa ya ji a ƙirjin mai rai da abin da idonsa ya gani bayan mutuwa, don in ya yi kuskure ya san ya yi. Da likitan nan namu ya saurari ƙirjin Baba ya ce ruwa ne, daga irin wannan wahala aka tara masa sanin.

A 1884 aka kira shi Amurka, Jami'ar Pensilbaniya da ke Filadelfiya. A nan ne ya yi wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ce ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin majinyata. Osla bai yarda ba, har ya faɗi shakkarsa a gaban taron likitoci a 1886. Sa'an nan ya koma ya zauna da madubi yana duba jinin masu zazzaɓi, ya ga abin da idonsa, ya fito fili ya ce shi ne ya yi kuskure. Tun daga nan ya dage kada a ce wa zazzaɓi na sauro ne sai an duba jini. Ku tuna a lokacin ba a ma san sauro ke ɗauke da cutar ba, sai a 1897 Ronald Ross ya gano haka a Indiya. Duk ran da aka tsaga muku yatsa a asibiti kafin a ba ku magani, akwai hannun Osla a ciki.

Yanzu mun zo kan babbar maganar. Wani attajiri na birnin Baltimo, sunansa Johns Hopkins, ya mutu a 1873 ya bar dala miliyan 7, rabi a gina jami'a, rabi a gina asibiti. Aka buɗe asibitin a watan Mayu 1889, aka naɗa Osla babban likitan sashen cututtukan cikin jiki, watau waɗanda a ke jiyya da magani, ba da wuƙa ba. Abokan aikinsa 3 ne: Welch mai binciken cututtuka, Halsted mai tiyata, da Kelly likitan mata.

Sai mutum ya san yadda a ke koyon likita a Amurka a zamanin kafin ya gane abin da suka canja. A makarantu da yawa ɗalibi kan biya kuɗi ya zauna yana sauraron lacca wata 4 ko 5, shekara ta zagayo ya sake sauraron laccocin nan dai, sa'an nan a ba shi takarda. Sau da yawa ya kan fita likita bai taɓa sa hannu a jikin majinyaci ba. Ku kwatanta da a ce mu a nan kwaleji mu gama karatu kaf ba a taɓa tura mu gwajin koyarwa ba, ran da aka ba mu takarda ran nan za mu fara tsayawa gaban yara 60. Bambancin kawai shi ne kuskurenmu ana gyara shi a zango mai zuwa, na likita kuwa wani lokaci sai a maƙabarta.

Osla ya ce ba haka ba. Da aka buɗe makarantar likita ta Hopkins a 1893, ya fitar da ɗaliban shekara ta 3 da ta 4 daga ɗakin lacca ya kai su bakin gadon majinyata. Kowane ɗalibi a ba shi gadaje, shi zai tambayi majinyaci labarin ciwonsa, ya duba shi, ya auna fitsari da jini, ya rubuta, gobe ya tsaya gaban malam ya ba da bayani. Wannan dabara daga asibitocin Ingila da Sikotilan ya ɗauko ta. Ya sha faɗa cewa in za a tuna da shi da abu ɗaya, to, a tuna shi ne ya koyar da ɗalibai a ɗakin majinyata.

Ga waɗanda suka riga suka fita likita kuwa, sai ya ɗauko tsarin Jamus ya gyara shi. Aka ɗebi samarin likitoci aka ba su ɗakuna cikin ginin asibitin kansa. Nan su ke ci, nan su ke kwana, ba su da wani gida. Shi ya sa aka kira su da kalmar da ma'anarta mazauna, kalmar kuwa ita ce har yau a ke kiran waɗanda gidajen rediyonmu ke ce wa likitoci masu neman ƙwarewa. An jera su hawa hawa kamar dala: sababbi da yawa a ƙasa, mataimaka kaɗan a tsakiya, babba ɗaya a ƙoli, shi kuwa yana ƙarƙashin Osla. Kowa na koyar da na ƙasa da shi, yana kuma ɗaukar nauyin kuskurensa. Ba a yanka musu ranar gamawa ba. Na farkonsu, Lafleur, daga Montiriyal ya biyo malaminsa. Wanda ya gaje shi, Thayer, ya yi wajen shekara 7 a kan aikin. Kusan dukansu gwauraye ne, don ba a so mazaunin asibiti ya yi aure, albashin kuma bai isa riƙon gida ba.

To, mutumin da ɗakin kwanansa ke cikin asibiti, yaushe ya tashi daga aiki? Babu. In jikin majinyaci ya rikice da tsakar dare, sai a aika a buga masa ƙofa. Asalin kwanan asibiti ke nan. Hujjar Osla kuwa mai ƙarfi ce, ban iya tankwara ta ba ko da na so. Cuta ba ta san agogo ba. Zazzaɓin taifot, wanda ya cika gadajen Baltimo a zamanin, ya kan ɗauki makonni yana hawa yana sauka, wani lokaci hanji ya huje cikin dare. Wanda ya ga majinyaci da safe kaɗai ya ga hoto ne. Wanda ya kwana da shi, shi ya ga tafiyar cutar tun daga farinta har ƙarshenta. Kuma da dare ne, sa'ad da manya suka tafi gida, ƙaramin likita ke koyon yanke shawara da kansa, ya kuma koyi sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinsa har ya kamata ya ta da na gaba da shi.

Shi kansa Osla ya zauna cikin asibitin da farko, don a lokacin bai yi aure ba. A nan ya rubuta babban littafinsa na ilmin cututtuka da jiyyarsu, cikin ɗakin wani mataimakin Kelly da ya ara ya ƙi mayarwa sai da ya gama. Littafin ya fito a 1892, aka fassara shi cikin Faransanci da Jamusanci da Sinanci da waɗansu harsuna, aka yi fiye da shekara 40 ana sake buga shi. Abin da ya bambanta shi shi ne gaskiya: inda babu magani sai ya ce babu, maimakon ya jera jiƙe-jiƙen da ba su da amfani. A 1897 wani mai ba attajirin nan Rockefeller shawara, sunansa Gates, ya karanta littafin ya firgita da yawan cututtukan da likitoci ba su da abin yi musu. Wannan na cikin abin da ya sa aka kafa cibiyar binciken cututtuka ta Rockefeller a 1901. Daga dukiyar gidan nan kuma aka buɗe ɗakin binciken ciwon shawara a Yaba ta Ikko a 1925. Ashe dai ko da bai zo ƙasarmu ba, inuwarsa ta zo.

A shekarar da littafin ya fito ya auri Grace, matar wani abokinsa likita da ya mutu. Ɗansu na fari bai yi kwanaki ba ya koma. Na biyu, Revere, an haife shi a ƙarshen 1895. Gidansu ya zama kamar zauren mai unguwa. Ran Asabar da dare ɗaliban ajin ƙarshe kan taru a teburinsa, a tattauna majinyatan mako, ya ɗauko tsofaffin littattafai ya ba su labarin likitocin da. Waɗansu samarin likitoci har mabuɗin gidan ya ba su, su shiga ɗakin karatunsa duk sa'ad da suka so. Mutum ne mai barkwanci, yara na sonsa, in ya shiga ɗakin majinyata fuskoki kan sake. Ga wani abu kuma da ya ba ni dariya da na karanta: mutumin nan da a ke danganta rashin barcin likitoci da shi, shi da kansa ƙarfe 10 na dare na yi ya kan sulale daga kowane taro ya tafi ya kwanta, ya yi karatu na rabin sa'a, ya yi barcinsa. Ɗalibansa ma haka ya hore su su yi.

Ba zan ɓoye abin da ban ji daɗinsa ba. Asibitin nan da ya yi suna a ciki ya raba ɗakunan baƙaƙe da na farare, kamar yadda a ke yi a Baltimo a zamanin. A 1914 kuma Osla ya yi jawabi yana goyon bayan a bar Kanada ta zama ƙasar fararen fata. Da ni da ku, da mun je ƙofarsa neman karatu, ba lalle ne mu sami mabuɗin nan ba. Akwai kuma maganar abokinsa Halsted, wanda shi ya kafa irin wannan tsari a sashen tiyata, nasa ma ya fi tsanani. A 1884 Halsted ya gwada hodar koken a jikinsa yana neman maganin kashe zafin tiyata, ta kama shi, da aka so raba shi da ita sai ya faɗa wa mofin, bai rabu da ita ba. Osla ya sani, ya rufa masa asiri, ya rubuta a wani littafin sirri wanda ba a buga ba sai 1969. Waɗansu marubuta na cewa daga nan aka gaji aƙidar cewa likitan kirki ba ya gajiya. Ni dai ina ganin an yi wa maganar gishiri, amma ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba.

A 1905 ya bar Amurka, don aiki ya yi masa yawa har lafiyarsa ta fara taɓuwa. A jawabinsa na ban kwana ya ce yawancin manyan ayyukan duniya 'yan ƙasa da shekara 40 suka yi su, kuma ya kamata malami ya huta in ya kai 60. Ya haɗa da wasa, ya ambaci wani littafin hikaya inda a ke sa tsofaffi barcin da ba a tashi. Jaridu suka ɗauka suka yayata cewa babban likita ya ce a kashe tsofaffi. Wasiƙun zagi suka yi ta zuwa, abin ya bi shi har ƙarshen ransa. Ya koma Ingila ya zama shehun malamin likita na Jami'ar Oksfod, a 1911 kuma Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir.

Sai yaƙin duniya na fari ya zo. Revere, ɗa ɗaya tilo, yaro mai son kamun kifi da littattafai, ya shiga sojan igwa. A ƙarshen Agusta 1917 harsashin igwa ya same shi kusa da Ypres a ƙasar Beljiyam, yana ɗan shekara 21. Cikin likitocin da suka taru kansa cikin daren nan har da Harvey Cushing, wanda ya yi zaman asibitin Hopkins a ƙarƙashin Halsted, ya kuma yi maƙwabtaka da Osla a Baltimo, ya san yaron tun yana ƙarami. Suka yi masa tiyata, suka ƙara masa jini, amma duk da haka ya cika. Uban ya ci gaba da zuwa aiki yana yi wa mutane murmushi, amma na gida sun ce da dare su kan ji kukansa. A kakar 1919 ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi yajin aiki yana Sikotilan, ya komo Oksfod cikin mota a cikin sanyi, mura ta kama shi ta gangara huhu. Ya yi wata 3 a kwance, yana bin tafiyar ciwon nasa kamar na wani majinyaci, ya kuwa san inda za ta ƙare, don shi ya rubuta babin. Ya mutu ran 29 ga Disamba 1919, yana da shekara 70. Ya bar wasiyya a buɗe gawarsa a duba, aka kuwa yi. Littattafansa wajen 8,000 ya bar wa McGill, tokar gawarsa ma tana can cikin ɗakin karatun. Cushing ne ya rubuta tarihinsa, ya fito a 1925.

Tsarin nasa ya bazu duniya. A ƙasarmu an buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957, aka kafa kwalejin ƙasa ta horon likitoci masu neman ƙwarewa a 1979. Kafin wannan, likitan farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko na Wusasa, sai da ya je har Birmingham ta Ingila ya yi karatu. Yau a manyan asibitocinmu dalar nan ta Osla tana nan: sabon likita mai shekarar gwaji shi a ke fara kira, bayansa rajistara, bayansa babban rajistara, sa'an nan babban likita yana gida ana samunsa ta waya. Da yamma masu tashi su miƙa wa mai kwana sunayen waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Shi zai zagaya su, ya karɓi sababbi, ya bi sakamakon jini, ya sa ƙarin ruwa inda jijiya ta ɓace, in wani ya cika shi zai tabbatar ya kuma gaya wa dangi. Da safe ya tsaya gaban manya ya ba da lissafin daren.

Sai dai daren Osla da daren yanzu ba ɗaya ba ne, a nan kuwa na ke ganin waɗanda suka gaje shi sun yi sakaci. A zamaninsa babu insulin, sai bayan mutuwarsa da shekara 2 aka samo ta. Babu penisilin sai wajen yaƙin duniya na biyu. Majinyaci kan yi makonni a gado, abin da likita zai yi masa da dare kaɗan ne, ya duba, ya rubuta, ya koma ya kwanta. Yanzu kuwa magunguna sun yi yawa, suna da ƙarfi, kuskuren sifiri ɗaya a rubutu na iya kashe mutum, gadaje kuma ba su hutawa. An riƙe tsawon sa'o'in, aikin cikinsu ya ninka. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi sa'a 24 ido biyu, hannunsa da hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya sha giya har doka ta hana shi tuƙi. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18 ta mutu a wani asibitin New York a hannun ƙananan likitoci masu kwana, ubanta ɗan jarida ya ƙi yin shiru. A 1989 jihar ta kafa doka kada su wuce sa'a 80 a mako, a 2003 aka shimfiɗa wannan a Amurka duka. Ƙasashen Tarayyar Turai suka yanke 48. Har yanzu likitoci na gardama a kai, don in an gajarta sa'o'i sai miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu ya yawaita, a wajen miƙawar kuma magana kan zube.

Mu a nan damuwarmu ta wuce ta doka. Ko an ce likita ya tafi gida bayan sa'a 24, wa zai karɓe shi? Likitocinmu kaɗan ne, da yawa cikin waɗanda aka horar sun tafi Ingila da Saudiyya da Kanada, ƙasar Osla, waɗanda suka rage kuwa su ke kwana a madadinsu. In kun ji a rediyo likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki, kafin ku yi tsaki ku tuna akwai wannan a cikin kukansu.

Da aka sallami Baba bayan kwana 6, Inna ta ƙulla gyaɗa da ƙwai ta ce in kai wa likitan. Na je na tambaya, aka ce yana ɗakin kwanan likitoci. Na tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki ne ƙarami mai gado ɗaya da kujera, yana kwance rigingine da takalmansa a ƙafa, wayarsa a kan ƙirji don kada a kira bai ji ba. Ƙarfe 11 na safe ne. Na ajiye ƙullin a kan kujera, na ja masa ƙofa a hankali.